Katuna Tara da Rhoda Ba Ta Gwada Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, 1986, 'yata Rhoda ta tashi da ƙarfe biyar da rabi kamar kullum. Abin da ya faru a gida na gani da idona. Abin da ya faru a wurin aikinta kuwa daga baya na bi na tambaya, kuma inda mutum biyu suka saɓa a kan lokaci, na ɗauki maganar wanda ke ɗaure da agogo.

Ƙarfe shida muka yi addu'ar safe mu huɗu: ni, da mahaifiyarta Saraya, da ita, da ƙanwarta Christy. Shida da kwata muna shan kunu a tsakar gidanmu na Sabon Tasha, a Kaduna, ta ce mini yau za ta gwada kalmar "ziro" a wurin aiki.

Na ce, "Sifili ake cewa. Haka yake a kowane littafin lissafi na Hausa da na taɓa riƙewa."

Ta ce, "Baba, littattafan nan ba su taɓa zuwa sito neman boris ba."

"To sai a koya wa mutanen."

"Wa zai koya musu? Ni ƙarfe huɗu nake tashi daga aiki, injuna kuwa ba sa tashi."

Saraya ta ce mu sha kununmu tun bai huce ba, ziro da sifili duk babu ne.

Bakwai saura kwata Rhoda ta shiga bas a bakin titi, ta sauka a Kakuri, bakwai da rabi ta sa hannu a littafin shiga na masaƙar da take aiki. A takarda, aikinta buga tafireta ne a ofishin gyaran injuna. Amma wata goma sha huɗu ke nan tana kan wani aiki na biyu da shugaban sashen, Injiniya Cyril, ya ɗora mata: ta rubuta ɗan littafi da Hausa wanda zai nuna wa makanikai da masu sito yadda ake karanta lambobin kayan gyara. An riga an sa wa littafin rana. Maɗaba'a za ta karɓi aikin ranar Talata bayan Ista, domin a wannan makon Injiniya Cyril zai koma Aba, kuma wanda zai gaje shi ya faɗa a fili cewa bai ga amfanin littafin ba. In bai shiga maɗaba'a ranar nan ba, ba zai ƙara shiga ba. Kowace doka ta littafin a kan kati ɗaya take rubuta ta. Katuna sittin da huɗu ne gaba ɗaya, kuma a safiyar nan goma suka rage mata.

Ƙarfe tara ta gwada katin ziro a sito. Daga goma zuwa sha biyu ta buga wasiƙu uku da jadawalin masu aikin mako. Sha biyu da rabi ta ci shinkafa da wake a rumfar da ke bakin ƙofa, ta roƙi ƙarin yaji. Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta na minti arba'in, ta zauna bakin taga tana fiƙe fensir. Ƙarfe huɗu ta tashi daga aiki. Ƙarfe biyar tana coci wurin koyon waƙoƙin Ista, inda shugabar mawaƙa ta tsayar da ita sau biyu saboda tana riga kowa shiga. Shida da rabi ta dawo gida, ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Baba, ziro ya ci. Uku bisa uku." Na ce na ji. Ban ɗaga kai daga takardun ɗalibai da nake dubawa ba. Bakwai da rabi muka ci tuwo, ta wanke kwanuka, ta goge rigar da za ta sa washegari.

Laraba da safe ta ce kanta yana ciwo, wuyanta kuma ya ƙage. Kafin azahar muna asibiti. Sanƙarau ne. Likitocin sun yi abin da za su iya, ina tsaye na gani. Ta rasu ranar Juma'a, sha huɗu ga wata, da ƙarfe uku da minti goma na rana. Shekarunta ashirin da shida da wata bakwai. Muka kai ta gida, ƙauyenmu da ke kusa da Zonkwa, aka binne ta ranar Litinin.

An haifi Rhoda a watan Agusta na 1959, ina malamin firamare, ban tafi jami'a ba tukuna. Daga baya na yi digiri a kan lissafi a Zariya, muka dawo Kaduna, na kama koyarwa a sakandare. Ita ba ta iya lissafi sosai ba, kuma wannan ya dame ni fiye da yadda ya kamata. In na zaunar da ita zan koya mata, sai ta bar tambayar da ke gabanmu ta kama kalmomina. Ta taɓa ce mini, tana aji biyu, "Baba, ɗazu ka ce bakwai lamba ce, yanzu ka ce saba'in da bakwai lamba ce, kuma ka ce tana da lamba biyu. Wacce ce lambar?" Na ce ta daina ɓata mini lokaci. Tana da taurin kai, tana da ƙarar murya, ba ta amsa wasiƙa sai an aiko ta biyu. Ta yi karatun sakatariya, ta shiga masaƙa a 1981.

Abin da ya kai ta ga littafin nan takardun gargaɗi ne. Ita ke buga su. A shekarun nan kayan gyara ba sa shigowa daga waje sai da ƙyar. In makaniki ya karɓo boris, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a ciki, ya zamana ba shi ba ne, ya buga shi da guduma ya shiga, to boris ɗin ya lalace, injin ya tsaya, wani kuma sai bayan watanni. Sai a ba makanikin gargaɗi, na uku kuwa kora ce. A shekara ɗaya Rhoda ta buga irin takardun nan talatin da ɗaya, huɗu daga ciki na kora. Sai ta ɗauko littafin Turanci da ya zo tare da injunan ta karanta, ta ga yana amfani da kalmomi biyar wajen maganar lamba, yana musanya su yadda ya ga dama, bai bayyana ko ɗaya ba. Ma'aikatan kuma, Bajju da Atyap da Tibi da Ibo da Hausawa, da Hausa suke magana da juna, a Hausar tasu kuwa komai "lamba" ne. Ta je ta ce wa Injiniya Cyril, "Oga, mutanen nan ba sakaci suke yi ba. Ba a taɓa gaya musu ba ne." Ya ce, "To ke ki gaya musu."

Dokokinta biyu ne. Ta farko, kalma ɗaya aiki ɗaya. Daga A zuwa Z, kowane ɗaya "harafi" ne. Daga ziro zuwa tara, kowace ɗaya "ƙwayar lamba" ce. Dukan abin da aka buga a jikin ƙarfe, haruffa da ƙwayoyi haɗe, shi ne "lambar kaya". Wurin da harafi ko ƙwaya ke zama shi ne "gurbi". Yawan abin da kake so kuwa "guda nawa" ne, ba a kiransa lamba ko kaɗan. Saboda haka katinta na farko ya ce: "Lambar kaya tana da gurbi shida. Gurbi biyu na farko haruffa ne. Gurbi huɗu na ƙarshe ƙwayoyin lamba ne." Ni da "alƙaluma" da "adadi" zan sa, na kuma gaya mata haka ba sau ɗaya ba.

Doka ta biyu ita ce gwaji. Kati ba ya shiga littafi sai mutum uku sun karanta shi, ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, kowa ya shiga cikin sito ya ɗauko abin da katin ya nufa, ba tare da ya yi tambaya ba, ba tare da ita ta ce uffan ba. In ɗaya ya kuskure, katin ya faɗi. Sai ta rubuta a bayansa wanda ya kuskure da abin da ya ɗauko, ta tambaye shi, "Kai me kake ce masa?" In za a sake gwadawa, da wani kaya daban ake yi, don kada mutum ya ɗauko da tuni. Mutanen uku ba su canza ba tun farko. Akwai Baba Tagwai, tsohon makaniki daga wajen Zangon Kataf, wanda a coci ya koyi karatun Hausa. Akwai Malam Tukur mai sito, Bazazzage, wanda ya fara da ajami kafin ya koyi boko da girmansa. Akwai Kenneth, makaniki, Ibo, wanda a kasuwar Kakuri ya koyi Hausa. Ta ce in kalma ta wuce ta gaban waɗannan uku, za ta wuce ta gaban kowa a masaƙar.

Duk wannan na san shi tun tana da rai, amma sani na wanda ake ba labari yana duba wasu takardu.

Ranar Alhamis, ashirin ga Maris, kwana uku bayan jana'iza, Injiniya Cyril ya zo gida karo na biyu. Zuwan farko na gaisuwa ne. Wannan karon ya zo da kwalin takalmi a hammata. Ya gaishe da Saraya, ya zauna, ya ɗora kwalin a kan gwiwarsa.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Amma kwana goma sha biyu suka rage. Katuna hamsin da biyar sun ci. Tara ɗin nan ta rubuta kan magana kawai, ba ta sa kalmomi ba. Kai malamin lissafi ne, Hausa kuma ka fi ni. Ka cike mini su a nan gida, ranar Litinin in aiko a karɓa."

Na buɗe kwalin. Katuna taran duk a kan awo suke: rabe-raben inci na tsofaffin injuna, milimita mai ɗigo ta sababbin, da alamomin da ke kan farantin ƙarfen da aka manna a jikin kowane inji. A raina na ce aikin awa biyu ne. Kalmomin duk ina da su. Har na ɗauko biro. Sai na juya ɗaya daga cikin katunan da suka ci, na ga bayansa cike da ƙananan rubutunta, kwanan wata huɗu, kalma uku da aka soke. Na juya wani, haka. Ɗaya daga kalmomin da aka soke tawa ce, ta rubuta "ta Baba" a gefenta, a ƙarƙashi kuma, "Kenneth ya tsaya minti uku, ya dawo hannu biyu."

Na ce, "Injiniya, ba a gwada waɗannan ba."

Ya ce, "Wa zai gwada, Baba?"

Makarantarmu ta yi hutun Ista a wannan Juma'ar. Na ce ya samo mini izinin shiga daga Litinin zuwa Alhamis.

Litinin ƙarfe takwas ina sito. Dogon ɗaki ne mai kantoci har rufi, yana warin man inji, ƙarar masaƙa tana shigowa ta bango. Su ukun suka yi mini gaisuwa. Baba Tagwai ya daɗe riƙe da hannuna. Sa'an nan Malam Tukur ya kori sauran biyun waje, aka kira Baba Tagwai shi kaɗai, na miƙa masa katin farko. Na rubuta a ciki cewa ya ɗauko noti mai "rubu'in inci". Ya nisanta katin da idonsa, ya matso da shi, ya motsa leɓe.

Na ce, "Wato kashi ɗaya cikin huɗu."

Ya ce, "Oho!" Ya tafi ya ɗauko daidai. Na sa alamar ci.

Malam Tukur ya ce, "Malam, wannan bai ci ba."

"Ai ya kawo daidai."

"Ka yi magana."

"Bayani kaɗan na yi masa."

"To in an buga littafin, kai ma za a buga ka a saka a aljihun kowa? Marigayiya ko tari ba ta yi. Ni na taɓa ɗauko mata bel a madadin ƙoshiya, tana kallona har na iso, ba ta ko girgiza kai ba."

Baba Tagwai ya ce, "Wannan ba laifin kati ba ne, tsufa ne."

Malam Tukur ya ce, "Ji wanda ke maganar tsufa. Kai da aka kawo ka tare da injin farko!"

Kenneth, wanda ya leƙo ya ji abin da ake yi, ya ciro fensir daga bayan kunnensa ya miƙo mini. Ya ce, "Baba Ticha, sa wannan a baki. Haka take yi. Ta ce gadon gidanku ne, in ba ta ciji wani abu ba sai ta koyar."

Shekara ashirin da tara ina tsayawa gaban mutanen da ba su gane ba, aikina ke nan in yi musu bayani. Ban san wahalar yin shiru ba sai ranar. Na soke alamar, na juya katin, na rubuta abin da ya faru, na tambayi Baba Tagwai shi me yake ce masa. Ya ce, "Kwata." Na tambayi kashi ɗaya cikin takwas, wanda ni na rubuta "sumuni". Ya ce, "Rabin kwata." Na sake katin, muka gwada da kusoshi bayan azahar, fensir a bakina. Su uku suka kawo daidai. Kafin a tashi katuna uku sun ci.

Talata muka zo kan alamomin farantin inji, irin su II da IV da VI, haruffa ne a ido amma lamba suke nufi. Na rubuta "alƙaluman Romawa". Baba Tagwai ya gane, Kenneth ya gane, Malam Tukur ya shiga ya zaga ya fito.

Ya ce, "Malam, na duba ko'ina, ban ga Baroma ko ɗaya ba."

Na cire fensir na nuna masa farantin, na ce shi me yake ce musu.

"Au, lambar agogo? Ai da ka faɗa."

Akwai wani babban agogon bango a zauren saƙa, irin alamomin nan ne a fuskarsa, kuma kowane ma'aikaci yana kallonsa sau ɗari a yini. Na tambayi sauran biyun daban daban, su ma haka suke cewa. Na rubuta "lambar agogo" da hannuna. Ban ji daɗin rubuta ta ba, amma ta ci. Zuwa yammacin Laraba katuna takwas sun wuce.

Na taran shi ne na ɗigo. Akwai wasu siraran faya-fayen ƙarfe da ake cusawa don daidaita tazara a cikin inji, kaurinsu a buge a jiki: 0.25, 0.52, 0.05, 0.50, da sauransu. Katin yana bukatar ya nuna wa mutum wane gurbi zai fara dubawa, domin shi ke faɗin kantar da kayan yake. Malam Tukur ya ce a nan aka fi yin kuskure a duk siton. Tun Talata na fara gwada shi. Na fara da "gurbin ushuri", wadda ita ce kalmar da na sani. Baba Tagwai ya dawo hannu biyu. Na tambaye shi me yake ce masa, ya ce ba ya ce masa komai, da yatsa yake nunawa. Sauran ma haka. A wannan wurin ba su da kalma da zan ara.

Laraba na sa "gurbi na farko bayan ɗigo". Baba Tagwai ya ci, Kenneth ya ci. Malam Tukur ya ɗauko daga kantar da ba ita ba. Da na tambaye shi, ya ɗora yatsa a hagun ɗigon. Shi idonsa daga dama yake fara shiga layi, tun yana yaro haka aka koya masa a karatun ajami, sai ya tuna sa'an nan ya juya. In aka ce masa "bayan", abin da ya zo bayan ɗigo a tafiyar idonsa yake ɗauka.

Alhamis da safe na sa "gurbi na farko a hannun dama na ɗigo". Na tabbata wannan ba ta da makusa. Malam Tukur ya ci, ya fito yana dariya. Baba Tagwai ya ci. Kenneth ya ɗauki faifan da aka ba shi ya gwada da shi, ya riƙe shi a juye, domin faifan zagaye ne, rubutun kuma ya bi gefensa, ba shi da sama ba shi da ƙasa, ziro kuma ko ta ina ka dube shi ziro ne. Ina kallonsa ya nufi kantar da ba ita ba. Na ciji fensir har ya tsage. Ya kawo, ya ga fuskata, ya ce, "Kai! Baba Ticha, ba ni in sake, abeg, don Allah."

Malam Tukur ya ce, "Ba a sakewa da kaya ɗaya, ka sani."

Bayan azahar na gwada wata jimla mai tsawo wadda ta haɗa yadda za a riƙe faifan. Baba Tagwai ya ɓace a tsakiyarta.

Ƙarfe uku da rabi Injiniya Cyril ya shigo. Washegari Juma'a hutu, Litinin ma hutu. Na gaya masa inda muka tsaya.

Ya ce, "Sa ta hannun daman nan. Biyu cikin uku ai ci ne, Baba, ko a jarrabawarka."

Na ce, "A tawa, ci ne. A tata, faɗuwa ce."

"Kenneth ne ya yi gaggawa. Ko ba haka ba, Kenneth?"

Kenneth ya ce, "Haka ne, oga. Amma kullum ma cikin gaggawa muke, inji yana tsaye, kai kana ihu."

"Ni nake ihu?"

"Wani lokaci, oga."

Injiniya ya juyo wurina. Ya ce, "Baba, ka duba. A nan aka fi korar mutane. In ka bar shafin babu komai, ka bar su yadda suke. Rabin taimako bai fi babu ba?"

Maganarsa tana da nauyi, kuma har yau ina ganin jimlata daidai take. Amma na yi tunanin mutumin da zai riƙe littafin. Shafi sittin da uku ba su taɓa yaudararsa ba, don haka in ya zo na sittin da huɗu ba zai yi shakka ba, zai ɗauka ya buga da guduma. Yanzu kuwa aƙalla yana tsoron ɗigon. Na gaya wa Injiniya haka. Na ce ba zan sa kalmar da ta faɗi a cikin littafin da sunanta zai hau ba.

Ya ce, "To me za a buga? Farar takarda?"

Na ɗauki sabon kati na rubuta: "Ba a samo kalmar da ta dace da wannan ba tukuna. In ka ga ɗigo a jikin kaya, kada ka ɗauka kai kaɗai. Nuna wa mai sito." Na ce shi ma sai an gwada shi. Minti ashirin suka rage a tashi. Baba Tagwai ya karanta, ya ɗauki faifai ya kai wa Malam Tukur. Kenneth ma haka. Da aka zo kan Malam Tukur, ya karanta, ya riƙe faifan, ya dubi hagu ya dubi dama.

Ya ce, "To ni wa zan nuna wa? In je in nemo madubi?"

Na karɓi katin na soke layin ƙarshe, na rubuta: "Kira wani, ku karanta ku biyu." Muka sake da wasu faya-fayen. Kowannensu ya karanta, ya fita, ya jawo wani ma'aikaci daga baranda. An busa ƙahon tashi Baba Tagwai yana dawowa da nasa mutumin. Na rubuta kwanan wata a bayan katin, da uku bisa uku.

Littafin ya shiga maɗaba'a ranar Talata, ɗaya ga Afrilu. An buga kwafi ɗari uku, ƙarami daidai aljihun riga, da sunan Rhoda Didam a bango. Injiniya Cyril ya kawo mana biyu kafin ya tafi. Ko takardun gargaɗi sun ragu, ba ni da adadi a hannu, don haka ba zan ce ba. Malam Tukur ya ce a ganinsa sun ragu. Ya kuma ce shafin ƙarshe shi ne ya fi jawo masa surutu, domin yanzu kowa da abokin karatunsa yake shigo masa sito.

A ƙarshen Afrilu 'yan'uwan Saraya suka zo daga gida aka raba kayan Rhoda. Zannuwa da riguna aka raba tsakanin Christy da 'ya'yan ƙanena biyu. Rigar mawaƙa ta coci ce, aka mayar. Takalmanta babu wanda suka yi wa a dangi, tana da babbar ƙafa, sai 'yan Zumuntar Mata na cocinmu suka karɓa suka ce sun san wadda za su ba. Rediyonta aka aika wa kakarta a ƙauye. Littattafan karatun sakatariya na kai ɗakin karatun makarantarmu. Kwalin katunan na ajiye shi mako biyu a ɗakina, na karanta bayan kowane ɗaya, sa'an nan na kai wa Malam Tukur, domin katin ɗigo bai ƙare ba, kuma duk wanda zai ci gaba da shi a sito zai yi, yana kuma bukatar ya ga kalmomin da suka riga suka faɗi. Ya sa shi a kanta ta sama, ya rubuta sunanta a jiki da boko da ajami.

Ana cikin rabon nan wani tela daga Gonin Gora ya yi sallama, ya kawo ɗinkin da Rhoda ta ba shi tun watan Fabrairu, riga da zane masu ruwan ganye. Bai ji labari ba. Saraya ta karɓa, ta ba shi ruwa ya sha, ta ce wannan ba ya cikin rabo. Ta ninke shi ta sa a akwatinta.